Cikin da Saila Ta Ɗaukar wa Yayarta

Duk wanda ya taɓa sa takalmin fata a garinmu, nan bakin teku a tsibirin Baffin, ya san Saila. Ita ce mai ɗinkin da ruwa ba ya ratsawa. Gajeriya ce, mai saurin dariya, haƙoranta na gaba sun ɗan zaizaye, don har yau da haƙori take tausasa fatar nattik, dabbar tekun nan da muke cin namanta muke sa fatarta.

Taba kuwa tun tana yarinya ta fara, a bayan makaranta, da guntayen da manya suka yar. Ba wanda ya ɗauke shi abin magana. Ba a dai sha a cikin ɗaki, sai a zaure, ɗan wurin sanyin nan tsakanin ƙofar waje da ta ciki, inda ake tuɓe takalma a jingine daskararren kifi. A zaure ake jin wa ta samu ciki, wa ya dawo daga farauta hannu biyu. Mace in ta bar taba, ta bar hira ke nan.

Da taba a baki Saila ta yi cikin fari, ta haifi Miali. Yarinya ta zo da ƙirji mai shewa, ga ƙuraje a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ta yi ta susa har jini. Abin da ya fi ci wa Saila rai, gashin da ake kewaye hular riga da shi bai karɓi Miali ba. Da ya taɓa fuskarta sai ido ya kumbura. Ɗiyar mai ɗinkin fata guda, a ce rigar kanti take sawa!

Nas ɗin asibitinmu ba ta ɓoye mata ba, ba ta kuma ɗora mata ba. Ta ce, "Ban ce ke kika jawo mata ba. Akwai gado, akwai danshin gidajen nan da cunkoso. Amma hayaƙin da uwa ta sha da ciki yana cikin abin da ake zargi, kuma shi ne wanda ke hannunki."

Saila ta ɗaga gira, alamar ta ji. Ta fita ta kunna wata.

Sai ga ciki na biyu. Shi kuwa tun bai motsa ba ta yi wa yayarta Ulipika alkawarinsa. Ulipika ta shekara goma sha a ɗakin miji ba ko ɓari. Ba da ɗa ga 'yar'uwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro kan tashi ya san wadda ta haife shi, ya san wadda ta goya shi, ba a ɓoye masa. Amma Saila ta kwana da wani tunani. Takalmi ma ba ta taɓa miƙa wa mutum da ɗinki a kwance ba. Yaya za ta miƙa wa yayarta ɗan da zai hana ta barci da shewar ƙirji?

Ta ce ta bar taba. Aka yi mata dariya a zaure. Ta ce to za ta riƙa tsayawa da su ana hira, ba sai ta sha ba. Ka san yadda wannan ke ƙarewa: "Ɗan ja ɗaya, Saila, ɗaya tak, ai ɗan cikin ba zai gani ba."

Uwarsu Kaunak ce ta raba ta da wurin, kuma ba don taba ba. Tsohuwar ba ta yarda da maganar nas ba ko kaɗan. Takan ce, "Ni na sha, na haife ku, ga ku nan kamar duwatsu." Amma ran da ta iske Saila tsaye a bakin ƙofa da ciki ya fara turo riga, sai ta ɗaga sanda.

"Ke! Wace mai ciki kika taɓa gani tana jinkiri a ƙofa? So kike ɗan ya zo bakin hanya ya tsaya yana hira shi ma?"

"Inna, wannan ai zancen da ne."

"Zancen da ne ya fito da ke da sauri, marar kunya. In za ki shiga ki shige, in za ki fita ki fice. Da asuba kuma kina buɗe ido ki yi waje ki shaƙi iska, kada in ji kina miƙa a gado."

Matan zaure za su iya musu da nas, amma ba mai musu da Kaunak. Daga ranar, da sun hango Saila su da kansu ke korarta: "Wuce, wuce, kar tsohuwa ta fasa mana kai." Haka ta koma zaman ɗaki da allurarta, tana jiyo dariyarsu ta cikin katako. Ta ce wa mijinta ba tabar ce ta fi damunta ba, dariyar nan ce da ba ta san dalilinta ba. In abin ya taso mata sai ta cusa fata a baki ta yi ta tauna. A hunturun nan rabin garinmu ya samu sabon takalmi.

Ulipika kuwa kullum tana hanya, yau kifi, gobe romon nattik, duk wanda ya kira gidan rediyo ya ce ya dawo da nama, ita ce farkon zuwa da kwano. Sai ta ajiye, ta koma zaure, ta leƙo da karan taba a yatsa: "Ki ci da yawa, kuma kar in ji kin sha min taba a kan ɗa!"

"To, Yaya. Rufe ƙofar, wa'azinki na shigowa da hayaƙi."

Da ya rage wata ɗaya Saila ta haihu, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Iqaluit, babban garin yankinmu, kamar kowace mai ciki, ta zauna a masaukin masu jiran haihuwa. Can ba Kaunak, ba fata, sai kewa da mata a bakin ƙofa. Ta sha taba, ba ta taɓa musanta hakan ba. Ta ce ta kai rabin kara ɗan ya harba, ta tsaya tana kallon abin da ke hannunta, ba ta san ko ta riga ta ɓata aikin watanni ba. Ba wanda zai iya gaya mata. Ta yar, ta koma ciki.

Namiji ta haifa. Ran da suka sauka, Ulipika na filin jirgi sanye da sabuwar amauti, rigar goyon nan mai aljihu a baya, fara sol, ta juyo mata baya tana rawar jiki. Saila ta matso za ta zura yaron, sai hancinta ya shiga hular. Sabuwar riga, amma hayaƙi ya riga ya zauna a cikinta.

A wurinmu ba a ba da ɗa da sharaɗi, ba a kuma kunyata babba a gaban jama'a. Saila ta mai da yaron cikin tata rigar, ta ce, "Yaya, bai gama da nono ba. Bari ya ɗan kwana biyu wurina, kafin rigarki ta sha iska."

Ulipika ta dube ta. Ta ɗauki jakar Saila ta yi gaba.

Kwana biyun nan ya zama makonni. Gari ya fara ƙus-ƙus, wai Saila ta ga ɗa namiji ta yi kwaɗayi. Ita ma a ranta ta fara tsoron ko gaskiya suka faɗa, don kullum yaron ƙara shiga ranta yake. Ulipika takan zo ta ɗauke shi ta shinshina kumatunsa, ta mayar, ta tafi. Ba wadda ta tayar da zancen.

Wata safiya sai ga ta ta banko ƙofa, ido ja, tana taunar busasshen kifi kamar ya yi mata laifi. Ta yi wa takalman zaure faɗa, ta yi wa butar shayi faɗa, ta ce wa mijin Saila ya cika numfashi da ƙarfi.

"Lafiya, Yaya?"

"Lafiyar me? Na wanke rigar sau nawa, na shanya, mijina ma na kore shi da tabarsa can bayan gida. Ban yi barcin kirki ba tun da na bar taba wancan makon. Kowa haushi yake ba ni, har ke."

Saila ta yi dariya har da hawaye, ta tashi ta ɗauko yaron. Ta daɗe tana gyara masa hular da ba ta karkace ba, sannan ta zura shi a bayan yayarta.

Yanzu yana rarrafe. Ko ƙirjinsa zai yi shewa nan gaba, nas ta ce sai an jira, wani sai ya yi wayo abin ke fitowa. Saila kan bi ta gidan kusan kullum, ta ce zare ta zo ara. Sai ta ɗauke shi, ta kara kunne a bayansa, ta yi shiru tana saurare, Ulipika kuma ta daina motsa cokali har sai ta ɗago.