Motar da ke Taka Burki da Kanta a Illela

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina, da kwamfutar gwaji da allon saiti a bayan mota. Hanyar Illela ba ta da laifi, sai ramukan bayan Gwadabawa da masu babur ɗauke da albasa kamar gini. A nan muka karya da ƙosai da kunu. Na taya albasa, mai ita ya faɗi kuɗin da ya sa na tuna cewa muna da saura a gida.

Wani Alhaji dillalin shanu ne ya kira mu. Motarsa ta zamani ta koma taka burki ba gaira ba dalili, har ta taɓa haɗa masa goshi da kujera. Shi kuwa ya rantse direbansa ne ke gyangyaɗi, ya karɓe makulli, ya ce ƙarshen wata ya nemi wani aiki. Direban dattijo ne mai iyali. Na same shi a rakuɓe a ƙofar gida, ya ba ni tausayi ƙwarai.

Dubawa ɗaya na gane matsalar. Akwai na'ura a bayan tambarin gaban motar, muna kiranta rada, ita ke hango abin da ke gaba ta tsayar da mota. Kwanaki sun buge rago, mai gyaran jikin mota ya mayar da ita da ido, ya ɗaure da waya. Ta sunkuya tana kallon ƙasa, duk ƙarfen kwalbati mota ne a wurinta.

Alhaji ya ce, "To mi kaka jira? Gyara mani abata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai ka tuƙa ta da hannunka tukuna."

Ya ɓata rai, ni ma na kafe. Idan na gyara a ɓoye mota za ta warke, amma sunan dattijon ba zai wanku ba. Da ƙyar ya shiga, muka nufi Amarawa. Muna isa wata kwalbati motar ta turje, hularsa ta faɗo kan sitiyari, alhali ƙafarsa na kan totur. Ya juya motar muka dawo.

Saiti kuwa sai a daɓe mai daidaito, kuma garejin garin duk gangare ne. Mun zagaya har bakin iyaka, inda ake ciniki da naira da sefa a baki ɗaya, kafin muka samu wani siton hatsi mai siminti. Muka auna shi da tiyon ruwa irin na magina, muka daidaita iskar tayoyi, muka sauya maƙalin rada da ya lanƙwashe, muka kafa allon saiti a gaban motar don a daidaita rada da shi. Kwamfuta ta ƙi karɓa, muka sake awo, ta sake ƙi. Sai bayan la'asar ta amince, furar da wata Bafulatana ta dama mana har ta tsinke.

Da za a sake gwaji, Alhaji ya miƙa wa dattijon makulli a gaban mutane. "Amshi, Malam. Ni na zalunce ka, ka yahe mani." Dattijon ya tuƙa mu muka haye kwalbatin nan lafiya lau, yana share ido da hannun riga.

Mun shigo Sakkwato da magariba a gajiye. Tafiyar nan ta koya mani cewa idan na'ura ta karkace, mutum ake fara zargi, kuma galibi wanda ba shi da bakin kare kansa. Shi ya sa yanzu, kafin in ɗauko sifana, nakan tambayi wa aka ɗora wa laifin.