Tambaya ta Bakwai

Kwana uku ke nan Mansura tana zaga Enugu neman tafinta mai jin Faransanci da Turanci, saboda binciken da jami'arsu ke yi kan rayuwar 'yan ci-rani. Ga shi takalminta ya tsinke a unguwar Uwani.

Mai gyaran takalmin da ta samu dattijo ne siriri, tabarau ɗaure da zare a kan hancinsa. Ko gaishe shi ba ta yi ba. "Aboki, yi shaf-shaf," ta ce, yadda 'yan gari ke kiran kowane ɗan Arewa, alhali ita ma Bahaushiya ce.

Takardar tambayoyin binciken ta zame daga jakarta. Sai da ya goge hannunsa tas kafin ya ɗauka. Yana bin layukan Faransancin da yatsa, leɓensa na motsi, kamar mai duba aikin ɗalibai. Wataƙila malami ne a Damagaram kafin duniya ta juya.

"'Yata," ya ce da Hausa, "tambaya ta bakwai cewa take, shin mutanen gari suna mutunta ka?" Ya maimaita da Turanci tsaf, sannan ya miƙa mata takalmin.

Mansura ta kasa ɗaga ido. Ta durƙusa.

"Ina wuni, Baba."