Turancin da Na Koya wa Kakata

A gidanmu na Ƙofar Durbi ni ne ɗan fari, kuma wannan matsayi bai taɓa jawo mini komai ba sai kawar da kai. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son ruwa kuma ni kaɗai ne a tsakar gida, sai ya kalli bango ya ce a kawo ruwa. Idan na yi laifi, ƙannena ake yi wa faɗa a gabana har in gane da ni ake. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma danginmu da ke da jinin Fulani sun riƙe ta da hannu biyu. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, wadda ta haifi Baba. Ita ta raine ni, ita ce kuma ke kirana maigidanta, tana yi mini tsiyar cewa duk cikin mazan garin nan ita ta dace da rago.

Baba mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati. Ya shiga aiki da takardar firamare da wata shaidar koyon bugu, ya shafe fiye da shekara ashirin yana buga wasiƙun manya. A shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangaye ba sai sababbin shugabanni suka kawo kwamfuta ofishinsu. Aka ce za a tura masu tafireta kwas su koyi sabuwar na'urar, amma sai wanda ke da kiredit a Turanci. Wanda ba shi da shi, a sallame shi ya je ya huta. Baba ba shi da shi, kuma mu tara ne ke ci daga albashin nan.

Ban ji wannan daga bakinsa ba. Kaka ce ta kira ni ɗakinta wata rana bayan azahar, ta ce ubana ya yi rajistar jarrabawar da ake yi ƙarshen shekara, wadda manya ke zama tare da yara. Ta ɗaga katifarta ta zaro wani littafin tsofaffin tambayoyi da aka naɗe da bangon fayil don kada a gane shi. A lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran gurbin karatu, kuma na ci Turanci da kyau har kaina ya kumbura. Na ce mata ai wannan ba wani abu ba ne, ya zo kawai in koya masa.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ya zo ka koya mashi? Kai hwa ba ka da hankali. Ni za ka koya mawa."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Baba, ta zauna da carbinta da goronta ta ce malami ya fara. Shi kuma Baba yana ciki bayan labule, rediyonsa a kunne amma an rage murya har ba ka jin komai sai ɗan shuuu. Ni sai in buɗe littafi in ɗaga murya ina yi wa tsohuwar da ko baƙin boko ba ta sani ba bayanin nahawun Turanci. Da safe kafin ya fita aiki zai ajiye littafin rubutunsa a kan gadonta, da amsoshin da ya yi. In karanta, da yamma in ce, "Kaka, kin yi kuskure a lamba ta huɗu." Ita kuma ta ce to, ai tsufa ne. Dokar da ta kafa mini guda ce: ba na taɓa littafin nan da biro.

Baba ya iya Turanci fiye da yadda na zata. Rubutunsa tsaf, bai cika kuskuren harafi ba, kuma ya san kalmomin da ni kaina sai na duba ƙamus. Wuri ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, kuma masu jarrabawa suna son wurin, kusan kowace shekara sai ya fito. A Turanci, idan ka buɗe jimla da ɗan guntun bayani na wani aiki kafin ka sa waƙafi, to duk wanda ya biyo bayan waƙafin nan shi ne ake ɗauka ya yi aikin. Na ba Kaka misali da abin da ta sani. Na ce idan mace ta rubuta "Plaiting my hair, the goat ate the millet," tana nufin tana cikin kitso akuya ta cinye mata gero, amma abin da ta faɗa shi ne akuyar ce ke yi mata kitson. Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce ita dai akuyarta ba ta kai nan ba tukuna. Daga bayan labule na ji an yi gyaran murya irin ta mai danne dariya.

Amma washegari kuskuren na nan daram a littafin. Da na sake bayani, sai muryar Baba ta fito daga ɗaki, karo na farko tun da muka fara.

"Inna, ki ce ma malamin naki haka manya ke rubutawa. Na buga irinta ta fi a ƙirga."

Gaskiya ya faɗa. Wasiƙun ofis duk haka suke farawa: bayan an duba takardarka, waƙafi, buƙatarka ba ta samu karɓuwa ba. Ba a taɓa cewa wa ya duba. Shekara ashirin yatsunsa na buga jimlolin da ba kowa a cikinsu, har suka zame masa jiki. Na ce wa Kaka ta gaya wa mai tambaya cewa manyan ofis ba su ne ke duba takardar jarrabawa ba. Ta juya ta maimaita wa labule, ta ƙara da nata, wai malamin nata ƙarami ne amma bakinsa ya girme shi.

Na ji daɗin watannin nan ƙwarai, ko da yake a lokacin ban san daɗi nake ji ba. Ban taɓa yin hira da mahaifina ba, ga shi yanzu kullum muna musu, ko da ta bakin wata ne. Na gano yana da taurin kai irin nawa. Na gano idan ya gane abu sai ya ƙara muryar rediyo kaɗan, idan bai gane ba sai ya kashe ta gaba ɗaya.

Saura kamar wata ɗaya jarrabawa na ba Kaka jimla goma ta gyara. Da safe na buɗe littafin na ga bakwai ba daidai ba, kuma duk kuskuren nan ne da na shafe makonni ina bayani. Raina ya ɓaci. Tsoro ne ya fi yawa a ciki, don na fara hango shi zaune a gida ba aiki, amma a lokacin fushi kawai na ji. Akwai jan biro a aljihuna. Na bi bakwai ɗin nan na soke su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta uku bisa goma na zagaye, sannan hannuna ya rubuta abin da malamanmu ke rubuta wa daƙiƙan aji a ƙasan shafi: "See me." Wato ka zo ka same ni. Na mayar da littafin kan gado na fita abina.

Ran nan bayan la'asar Kaka ta shimfiɗa tabarma, amma ɗakin Baba a rufe yake da kwaɗo. Daga masallaci ya wuce majalisar abokansa, bai dawo ba sai magariba. Washegari ma haka. Littafi bai sake zuwa kan gado ba. Da Kaka ta matsa mini na gaya mata abin da na rubuta da ma'anarsa, sai ta ajiye goron da ke hannunta. Daga baya ta ce da ni mutumin nan ya haɗiye girmansa ya zauna bayan labule yana sauraron ɗan cikinsa saboda mu ci abinci, ni kuma na aika masa sammaci.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa da safe na ce a yi haƙuri. Yana ɗaura agogo, bai dube ni ba. Ya ce wa ƙofa a ba shi hanya zai makara. Na matsa ya wuce. Kwana shida aka yi a haka, ni kuwa ina ƙirga kwanakin da suka rage ina jin kamar in yanke hannun nan.

Kaka ce ta gyara abin, ta hanyarta. Ta aika aka sayo sabon littafin rubutu. Ran Juma'a, da ta tabbata Baba ya dawo masallaci yana ɗaki yana canza riga, sai ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a kan dokin ƙofarsa, yadda ba zai fita ba sai ya tsallake uwarsa. Ta ƙwala mini kira na zo na zauna.

"Malam, ci gaba da karatu," in ji ta, da murya har maƙwabta na ji. "Ni aka ba uku cikin goma, ni ce ɗalibar. Ni ban yi hushi ba, ban ga wanda zai taya ni ba. In kuwa babu mai zama jarrabawar ga a gidan nan, ni zan tahi in zauna da zanena."

Ta tura sabon littafin ta ƙarƙashin labule. Na buɗe nawa, na fara daga farko, daga akuya da kitso. Can sai na ji an kunna rediyo, an rage murya.

Daga ranar na canza salo. Na daina ba da jimlolin littafi, na koma ɗauko irin wasiƙun da ya saba bugawa, in karanta farkon jimla in tsaya a waƙafi in tambayi Kaka wa ya yi aikin. Ita ta ce oho, daga ciki kuma a amsa ƙasa-ƙasa. Ashe abin da yake buƙata ke nan tun farko, ni ne ban iya koyarwa ba. Ranar jarrabawa ya sa fararen kaya ya fita da sassafe, ya zauna a aji ɗaya da sa'o'in ƙannena. Da ya dawo ya ce wa Inna tasa an yi, sai abin da Allah ya yi.

Sakamako bai fito ba sai bayan watanni, lokacin zafi ya kankama. A ofis an riga an fara rubuta sunayen masu tafiya kwas, an ce nasa sai ya kawo takarda. Aka yi rashin sa'a, makon da labari ya zo cewa an liƙa sakamako Kaka ba ta gari, ta tafi bikin suna a wani ƙauye a hanyar Batagarawa. Baba ya kwana biyu bai je dubawa ba. Na san dalili: ba zai iya kutsawa cikin yara yana neman lambarsa a bango ba, balle idan abin bai yi kyau ba. A rana ta uku na fito na tarar da 'yar takardar lambarsa a kan takalmina.

Na je. Na kutsa cikin turmutsutsu, na bi layi da yatsa har na kai lambar. Kiredit ne, na can ƙasa, wanda daga shi sai faɗuwa daga sahun, amma kiredit ne. Na duba sau uku, na sa wani da ban sani ba ya karanta mini don kada idona ya yaudare ni. Daga nan har Ƙofar Durbi ban san yadda na iso ba. Sai da na hango ƙofar gida sannan na tuna babu wadda zan gaya wa.

Yana zaure shi kaɗai a kan tabarma, da carbi a hannu amma ba ya ja. Na durƙusa daga nesa. Na nemi bango ko ƙofa da zan yi wa magana, na ga abin ba zai yiwu ba.

Na ce, "Baba, an ci. Kiredit ne."

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na ga leɓensa na motsi. Sannan ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Ka duba da kyau?" Na ce sau uku na duba. Ya tashi ya shiga gida, ni kuma na zauna a nan ina tunanin shi ke nan an gama. Sai ga shi ya turo tsohon babur ɗinsa, ya sa hula a karkace. Ya tayar da shi a ƙofar gida ya ce in hau mu je mu gaya wa Inna.

Shekarata goma sha tara, ban taɓa hawa bayansa ba. Na zauna can ƙarshen kujera, na riƙe ƙarfen baya, na bar fili tsakaninmu. Muka ratsa gari a haka, mutane na ɗaga masa hannu yana amsawa. Da muka fita Ƙofar Kwaya hanya ta fara ramuka, babur ya yi tsalle har na kusa zamewa. Bai waiwayo ba.

"Riƙe ni mana, kada ka hwaɗi."

Na saki ƙarfen na riƙe shi. Har muka isa ƙauyen bai ce in saki ba.