Yatsu Biyu na Harlan Tackett

Shekara talatin da huɗu Harlan Tackett ya yi yana kaɗa jita a bayan mawaƙa, bai taɓa tsayawa a gaba ba. Daga Texas har Dakota, da wuya a sami filin baje kolin shanu da bai yi wasa ba. Gidansa shi ne gadon tsakiya a bas ɗin Dwain Cagle, mawaƙin da yake bi. Matarsa Opal ta gaji da jira, ta koma Tulsa tun 'yarsu tana rarrafe.

Yana da shekara sittin da ɗaya ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi suka mutu. Babu ciwo, tsirkiya ce kawai ba sa ji. Bai gaya wa kowa ba, don a sana'arsu ranar da aka ji hannunka ya taɓu, ranar ake kiran wani. Sai ya sauya ɗaurin jitocinsa biyu, ya sassauta wasu tsirkiyoyi ya ɗame wasu, yadda yatsu biyu za su yi aikin huɗu. Wata takwas ba wanda ya gane. Ko akwatin jitarsa ba ya bari a taɓa.

Dwain yakan tsokane shi, "Tsoho, ko Opal ka ɓoye a ciki?"

"Da ita ce, da tuni ta ɓalle murfin."

Ran nan a wani filin baje koli a yammacin Oklahoma, da rana tsaka, tsirkiyar jitar Dwain ta tsinke ana cikin waƙa. Yadda aka saba, ya miƙa hannu baya ya suri jitar ajiyar makaɗinsa. Harlan yana gani, amma hannuwansa suna kan tasa. Dwain ya ɗora yatsu inda ya sani, ya buga. Abin da ya fito har 'yan kallo masu cin masara sai da suka ɗago kai. Ya sake, aka fashe da dariya.

Da suka sauka Dwain bai yi faɗa ba. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Miƙo hannunka. Rufe ido. Wanne na riƙe?"

"Ƙaramin."

"Ban riƙe komai ba, tsoho."

A gari na gaba aka sauke shi a tashar mota da akwatuna biyu. Kafin direba ya ja, mai ganga ya riga ya mayar da bargonsa gadon tsakiya.

Yanzu yana ɗaki ɗaya a bayan shagon taya. Jitocin suna nan a ɗaurinsa, babu mai iya kaɗa su sai shi.