Ranar da Na Karɓe Bakina Daga Hannun Kawu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ban ga yadda zai yi da ranar da na yi jawabi a unguwarmu ta New Bell a Douala ba.

Ni malamar tarihi ce a jami'a. Aikina bin sawun tunanin matan zamanin da, abin da suka faɗa a kan haƙƙinsu tun kafin wani ya zo daga waje ya ce zai koya musu. Na shafe shekaru a gaban tsofaffin unguwarmu, masu ƙosai da masu ƙunshi, ina sauraron abin da suka ji daga kakanninsu. Abokan aikina sun sha tsokanata, wai falsafa nake nema a gindin murhu. Na kuwa same ta.

Sai ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta gayyace ni taronta. A al'adar taron, mace ba ta riƙe lasifika. Tana zaune a gefen mata za ta faɗi maganarta a hankali, namiji ya ɗaga wa jama'a. Aka haɗa ni da kawuna, dillalin albasa a kasuwar Sandaga, mutumin da ya tsaya kai da fata har aka bar ni na yi karatu. Don shi kawai na yarda.

Ruwa ake irin na Douala, kwanon rufi sai ƙara yake, ba mai jin muryata sai Kawu. Na ce matan farko da suka sauka unguwar nan sun yi gardama da malamai a kan a bar su su yi karatu. Kawu ya gyara murya, ya ce iyayenmu mata sun nemi shawarar malamai, aka tausaya musu. Na ce sun ƙi ɗora tukunyar Maulidi sai da aka buɗe musu aji. Kawu ya ce sun yi girkin Maulidi cikin ladabi, Allah ya saka musu. Maza suka yi ta gyaɗa kai.

"Kawu, ba haka na ce ba."

"Doucement, a hankali, 'yata. Gyara miki nake yi. Gobe da mutanen nan zan zauna a kasuwa."

Sai wata tsohuwa ta jawo mayafina. Kakarta ce ta fara kife tukunyar nan, daga bakin tsohuwar nan kuma na ji labarin. Ta ce, "Docteur, abin da muka gaya miki ke nan?"

Ita muryar Kawu take ji, ta ɗauka ni ce na sayar da su. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni. Na miƙe, na ratsa tabarmin maza, na miƙa wa Kawu hannu. Ya daɗe yana kallona kafin ya sakar mini lasifikar. Na maimaita komai yadda aka ba ni. Shugaban taro ya sa aka zare wayar lasifikar, na ci gaba da muryar da nake koyarwa da ita. Wasu suka nemi takalmansu, ban raka su ko da ido ba.

Ba a sake gayyatata ba. Kawu yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara cin abincin gidana ba har ya rasu. Abin yana ci mini rai har yau, sai dai ban yi nadama ba. Ranar na gane cewa maganar da aka ba ka amana, kai za ka faɗe ta da bakinka, domin wani lokaci mai ƙaunarka ne zai fara tauye ta.