Jummai Mai Turare da Injin Hoton Haƙori

A Gwammaja, in aka ce gidan Jummai mai turare, ba a buƙatar dogon kwatance, ƙamshi ne ke kai baƙo har ƙofa. Tun tana amarya ta koyi haɗa turaren wuta a wurin wata tsohuwa 'yar Barno da suke katanga ɗaya: yadda ake daddatsa itacen, a soya shi da sukari har ya kama, a sauke ya huce kafin a zuba ruwan turare. Da wannan sana'a ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, ta aurar da 'ya'yanta mata, har ta sayi ɗan fili a bayan gari. Ba ta taɓa zaman kasuwa ba. Ƙaninta Ilu, mai rumfar kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi, shi ke zuwa ya kwashi kwalaben ya sayar mata.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Abdulhakeem, kuma shi ne na fari. Da aka yaye shi aka kai shi Gwale wurin kakarsa Inna, can ya tashi cikin ƙannen uwarsa. Ya ji suna ce mata Yaya, shi ma ya kama, ba wanda ya gyara masa. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta tarar iyayenta suna yi, ta kuma riƙe ta da gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi sai dai ta aika da magani ta hannun wani. In magana ta zama dole, sai ta ce "na Inna". Ranar da ya gama karatun likitan haƙori, mata suka cika gidan da guɗa, ita tana bakin murhu tana juya itacenta.

Bayan 'yan shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu, Abdulhakeem ya kama shago mai ɗaki biyu a Gwale, ya sayi kujerar aiki ta hannu, ya buɗe nasa asibitin. Abu ɗaya ya rasa: injin ɗaukar hoton haƙori. Ciwon da ke cikin saiwa ba ya ganuwa da ido, don haka sai ya tura mutum babban asibiti a ɗauko hoto. Ɗan dako ko mai tireda ba ya iya barin nema ya wuni a layi. Da yawa ba sa dawowa, sai su nufi masu cire haƙori na gefen hanya, daga baya a kawo su da kumburarren kunci.

Ya zagaya neman kuɗin. Wani banki ya ce sai da ruwa, ya ƙi. Bankin da ba ya harkar ruwa ya ce zai sayi injin ya sayar masa da riba ya riƙa biya a hankali, amma sai ya ajiye wani kaso tukuna, ya kuma kawo takardun gida. Ba shi da ko ɗaya. Dillalin kayan asibiti kuwa duk lokacin da dala ta motsa, sai farashinsa ya motsa. Duk wannan a tsakar gidan Jummai ya ba kawunsa Ilu labari, wata Juma'a da suka haɗu wajen gaishe ta. Ita tana gefe tana ɗura kwalabe, kamar ba ta ji.

Da ya tafi, ta ce wa Ilu, "Nawa ne abin nan da na Inna yake nema?"

Ya faɗa mata. Ta daɗe tana goge bakin kwalba ɗaya.

"Ka nemo wa filin nan nawa mai saye. Ka haɗa da 'yan gwalagwalaina."

"Yaya, filin da kika ce shi ne kujerarki ta Makka?"

"Makka tana nan inda take."

"To madalla. Sai ki kira shi ki danƙa masa da hannunki."

"Ni? Da wane bakin? Kai za ka ba shi, ka ce rance ne daga wurinka."

Ilu ya kwashe da dariya. "Ni Ilu? Duk Kurmi an san ko mai shayi yana bina. Wa zai yarda?"

"Ka ce kasuwa ta yi maka kyau bana."

"To in ce kyauta ce mana."

"Ka san halinsa. Ba zai karɓi kyauta daga mai 'ya'ya rututu irinka ba. Rance dai. Ka ce ya biya duk ranar da ya samu."

Haka aka yi. Injin ya iso, aka lulluɓe bangon ƙaramin ɗakin da dalma saboda hasken da yake fitarwa, aka kafa shi, aka jona shi da kwamfuta. Abdulhakeem ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Yaya, injin ya fara aiki. Kawu ya yi mini rana."

"Allah ya sa albarka."

"Ki zo a ɗauki naki haƙoran."

"Haƙorana lafiyarsu ƙalau."

"Goro bai ce haka ba."

Ta kore shi da mafici, ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne yadda ɗanta ke tsoron bashi. Duk ƙarshen wata sai ya kai wa Ilu wani abu a rumfa. Ilu ya kawo mata, ta ce ya adana, in ya cika a mayar masa a dunƙule. A ganinta tari take yi masa. Amma asibitin Gwale ba ya kawo da yawa, domin mutanen da ya sayi injin dominsu ba masu ƙarfi ba ne, wani ma rabin kuɗin hoton yake bayarwa a ce ya je. Sai Abdulhakeem ya kama aikin ƙarshen mako a wani asibitin kuɗi a Haɗeja. Ya tafi bayan sallar Juma'a, ya dawo Lahadi, Litinin yana kan kujerarsa a Gwale.

Ilu ya ce masa ya sassauta, ba wanda ke korarsa. Ya amsa, "Kawu, kai ma iyali gare ka. In ban sauke wannan nauyin ba, ba na jin daɗin abinci."

Ilu ya zo wurin yayarsa, wannan karon ba dariya.

"Yaya, yaron nan ya rame. 'Ya'yansa ba sa ganinsa. Bashin da babu shi yake biya, ni kuma kullum in miƙa hannu in karɓa kamar ɓarawo. Ki faɗa masa, ko ki bar ni in faɗa."

"Kada ka soma. Zan faɗa da kaina."

"Yaushe?"

"A bari Sallah ta wuce."

Sallah ta wuce. Ta gwada, ba a ce ba ta gwada ba. Wata Juma'a Abdulhakeem ya biyo da jakarsa a kafaɗa, zai wuce tasha. Ta shirya maganar tun safe, ta maimaita ta a zuci yayin da take wanke kasko. Da ya durƙusa, sai ga wata maƙwabciya ta shigo sayen turare, ta zauna tana zaɓe. Jummai ta dubi matar, ta dubi ƙasa.

"Wannan tafiye-tafiyen dai," ta ce, "ya yi yawa."

"Saura kaɗan, Yaya. Kafin azumi na gama da Kawu."

Sauran maganar ta maƙale. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta miƙa masa. "Ka kai wa matarka." Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita.

Bai kai azumin ba. Wata Lahadi da rana, a hanyar dawowa, tayar motar hayar da ya shiga ta fashe. Nan take ya rasu, kafin magariba an kai shi makwancinsa. A wurin jana'iza aka yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Ilu ya sunkuyar da kai. A cikin gida Jummai ta zauna kan tabarma tana amsa gaisuwa, ba kuka, ba sambatu. Mata suna fita suna yaba haƙurinta. Kowa ya ce ajali ne, ita ma ta san ajali ne, ba ta taɓa musun wannan ba.

Da aka zo maganar gado, matarsa Rumasa'u, tana cikin takaba, ta aika wa malaman da za su yi rabo cewa akwai sauran bashin Kawu Ilu, kuma marigayi ya sha yi mata wasiyya a kansa. Ta ce a sayar da injin hoton a biya kafin a taɓa komai. Har dillali ya zo ya duba, ya yi tayin wulaƙanci. In injin ya fita, asibitin ya mutu, shi ne kuma kaɗai abin da ya bar wa 'ya'yansa ƙanana biyu.

Jummai ta ce wa Ilu, "Ka je ka ce ka yafe."

"Me zan yafe, Yaya? Ba na binsa ko sisi. Na yi miki ƙarya ga mai rai, ba zan yi ta a gaban malamai kan dukiyar marayu ba. Ga kuɗinsa ma da ke hannuna, in ce daga ina suka fito?"

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta tafi Gwale. Ta tarar da Rumasa'u ita kaɗai a ɗaki. Yarinyar ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Umma, da kin aiko an zo."

"Zauna. Injin nan ba za a sayar ba. Ba bashin kowa a kansa."

"Umma, na Kawu..."

"Ilu ɗan aike ne. Filina ne da gwalagwalaina. Ban bayar don a biya ni ba. Abin da ya riƙa kaiwa yana nan ajiye, na yaran ne."

Rumasa'u ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban surukarta. Ta daɗe tana kallonta.

"Kenan Haɗejan nan..." Ta kasa ƙarasawa. Can ta ce, "Kullum sai ya yi wa Kawu addu'a. Yana cewa Kawu ya yi masa abin da ko uwa..." Ta toshe bakinta da gefen hijabi.

"Ƙarasa," in ji Jummai.

"Ki yafe mini, Umma."

"Ba ki yi mini komai ba."

Da aka kira azahar, Jummai ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida.

Ba a sayar da injin ba. Wani abokin karatun marigayin, Dakta Nazeer, ya karɓi asibitin haya, abin da yake biya shi ke ciyar da yaran da kuɗin makarantarsu. Mutanen Gwale da Gwammaja suna zuwa a ɗauki hoton haƙoransu a nan cikin unguwa. Rumasa'u tana kawo yaran gaisuwa, ta durƙusa yadda ya kamata, amma ba ta daɗewa. Jummai tana nan tana sana'arta, sai dai yanzu in ta soya kasko ɗaya ta gaji.

Wata rana Ilu ya zo kwasar kwalabe. Yana jera su cikin kwali, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Ilu, duk zuwan da yake yi rumfarka, bai taɓa tambayarka inda ka samu kuɗin ba? Ko sau ɗaya, ko da wasa?"

Ilu ya tsaya da kwalba a hannu. Ya san amsar da take so, ya kuma san za ta gane in ya ƙirƙira.

"Bai taɓa ba, Yaya. Ya yarda da ni."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya bi a hankali da na gefen, murfinsu bai kama sosai ba.