Kwallar Naman Inna

A gidanmu na Gagarawa, idan Baba ya yanka ragon layya ya feɗe, aka kai wa maƙwabta rabonsu, sauran aikin na Inna ne. Takan dasa kasko a gindin darbejiya, ta soya nama har ya bushe ƙamas. Namu na ci ta zuba a kwano. Sauran kuwa sai ta danna shi cikin wata kwalla mai murfi, ta tsiyaye kitsen a kai, ta tura ƙarƙashin gado. Can ne kuma take ajiye garin gero, da kuka, da gawayi, da ashana ƙulle a leda.

Har na yi aure a Gumel ban daina yi mata tsiya ba.

"Inna, wai wa kike wa wannan ajiya?"

"Wanda Allah Ya kawo," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi.

Mai taya ni tsiyar ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aure ya kai ta ƙasar Damagaram. Kowace Babbar Sallah sai ta biyo ta Maigatari a bayan babur, da cuku da dabino a ƙunshe. Ba ta cewa tsaraba, kado take cewa, mu yi ta dariya, ita ma tana yi.

Shekarar da nake son faɗa, Sallah ta faɗo cikin damina sosai, ni da Gwaggo duk mun zo gida. Washegari da la'asar aka tsuge da ruwa, aka kwana aka wuni bai ɗauke ba. Da hantsin rana ta gaba muna ɗaki muka ji wani rugugi, sai ihun yara. Ɗakin maƙwabcinmu, mai gyaran keke, shi ne ya zube. Allah Ya tsare, duk suna rumfa a lokacin, amma hatsinsu da kayan sawarsu suna ƙarƙashin ƙasa.

Baba ya fita ba ko takalmi, ya shigo da su. Matar tana goye da jaririya, zanenta ya jiƙe sharkaf, sai rawar ɗari take. Gwaggo ta buɗe jakarta ta ciro atamfar da ta ɗinko don Sallah, ta ce, "Ungo, sauya, kada sanyi ya kama 'yar nan."

Kafin azahar wani gidan ma ya shigo, katangarsu ta kwanta. Hanya ta cika da ruwa, ba mai fita sayen komai, itacen kowa ya jiƙe. Inna ta ce da ni, "Jawo mini kayan ƙarƙashin gadon nan." Muka hura gawayi a bakin ƙofa. Ta dama wa yara kunu, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, sannan ta ɗaga murfin kwallar. Ƙamshi ya cika ɗakin, har yaran da ke kuka suka yi tsit.

Matar mai gyaran keke ta ƙi sa hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, mun zame muku nauyi."

"Wane nauyi? Ai Sallah ba ta wuce ba. Yawon Sallah kuka zo, ruwa ya tsare ku. Ci, 'yar nan."

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta jawo kwanon.

Haka muka zauna a cunkushe har sama ta washe, maza a zaure, mata da yara a ɗakin Inna. Bayan kowace salla ina jiyo muryar Baba yana cewa a gode wa Allah, ƙasa ce ta zube, ba a rasa rai ba. Gwaggo ta yayyanka cukunta ta raba wa yaran, tana koya musu cewa kado.

Da rana ta fito, mazan unguwa suka taru suka tone abin da zai tonu, aka kafa wa mai gyaran keke rumfar kara kafin a samu bugun tubali. Gwaggo ta kama hanyar gida sanye da tsohon zanen Inna. Na raka ta har tasha. Da ta hau babur ta riƙo hannuna, ta ce in gaya wa Baba ya kira ta a waya, tana son jin yadda jaririyar nan ta kwana.